Kafin a ɗauko wuƙa

A yawancin gidajenmu, in muzuru ya dirar wa kaza cikin dare, ko shaho ya kai mata sura ta kuɓuce, maganar farko da ke fitowa daga bakin manya ita ce a kawo wuƙa. Ba a tsayawa a ɗaga fiffikenta a ga inda haƙori ya shiga. Jini ake gani, da gashi warwatse a tsakar gida, da kaza kwance baki buɗe tana haki, sai a tura yaro da gudu ya kira maigida ko maƙwabci kafin ta zama mushe. Ra'ayina shi ne muna yanka kaji da yawa waɗanda da an yi jinyarsu mako biyu da sun miƙe sun ci gaba da ƙwai. Wannan nake so mu duba.

Gaggawar tana da tushe, ba zan raina ta ba. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta lissafa abin da naman daji ya ci cikin abubuwan da aka haramta, sai fa wanda aka riska da rai aka yanka. Mutumin da ke ganin dukiyarsa za ta tafi a banza yana da hujjar yin sauri. Amma malaman Malikiyya, waɗanda fiƙihunsu muka tashi a kai, sun yi wani bayani da ya kamata mai kiwo ya sani. Sun ambaci raunuka biyar da suke ɗauka makasa ne: yankewar laka, zubewar ƙwaƙwalwa, fitowar kayan ciki, yankewar jijiyar wuya, da hujewar hanji. A mashahurin zancen mazhabar, dabbar da aka yi wa ɗaya daga cikin waɗannan yanka ba ya halatta namanta. Ke nan ko mai son ya tsira da naman ma sai ya duba raunin. Hukuncin kuwa na malamai ne, a tambaye su. Abin da nake nunawa kawai shi ne dubawa tana gaba da yanka, ko ta fuskar addini ko ta fuskar magani.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: kazar wa ce? A karkara da unguwannin gefen birni, kajin gida galibi na mata ne da yara. Kaza ita ce asusun matar aure, ita ake ɗauka a kai kasuwa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ko aka nemi kuɗin jarrabawa. Sagara tana ɗaukar wajen wata shida kafin ta fara ƙwai. In ta fara, kazar Hausa tana yin zubi uku ko huɗu a shekara, kowane zubi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta yi kwanci na kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Ita ce kuma ake sa wa ƙwan zabi ta kwanta a kai har wajen mako huɗu, don ba a cika dogara da zabuwa wajen kwanci ba. Uwar da ta iya kwanci, ta iya reno, ba a samun irinta da kuɗi rana ɗaya a kasuwa. Kuma sau da yawa irin wannan uwar ce ke jin rauni, domin in shirwa ta sauko kan 'yan tsaki sauran kaji gudu suke yi, ita kuwa tsayawa take ta buɗe fukafukai. In aka yanka ta, gida ya ci nama dare ɗaya, mai ita ta rasa abin shekara biyu ko uku, 'yan tsakin kuma su zama marayu a bakin hankaka. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, gaskiya ne. Amma a bari mai kazar ta faɗi ranar yankan, kada a yanke mata shawara tana tsaye tana kallo.

To, yaya ake jinyar? Abu na farko da ke kashe kazar da ta kuɓuta shi ne firgici da sanyin jiki, ko da raunin bai kai ya kawo ba. Zafin jikin kaza mai lafiya yana kusan digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ya fi na mutum nesa, kuma in ta zubar da jini ta firgita yana sauka da sauri. Za ka ga zankonta ya koɗe, idanu a lumshe, ƙafafu sun yi sanyi. A wannan hali kada a yi mata wanka, kada yara su zagaye ta. In jini na zuba a danna wurin da tsumma mai tsabta na 'yan mintuna har ya tsaya. Sannan a shimfiɗa tsumma a kwali ko kwando, a sa ta a wuri mai duhu da shiru, a naɗe kwalbar ruwan ɗumi a ajiye kusa da ita, ba a gefen garwashi ba. Duhu yana kwantar da tsuntsu. Awa ɗaya ko biyu a haka yakan mayar da kazar da aka fid da rai da ita ta ɗaga kai tana kallon mutane.

A kula da riƙo. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirjinsa yake numfashi, wanda ya matse ƙirjin kaza da hannu biyu yana shaƙe ta ne bai sani ba. Haka ɗura ruwa. Ƙofar numfashin kaza tana can gindin harshe, in aka buɗe baki aka kwarara ruwa yana iya wucewa huhu. A tsoma ƙarshen bakinta cikin ruwa mai ɗan sukari, ta haɗiya da kanta. In ta ƙi, a bari a sake gwadawa an jima.

In ta natsu sai a duba ta a cikin haske, tun daga wuya har gindin wutsiya, da ƙarƙashin fukafukai, da tsakanin cinyoyi. A nan ne ido ke ruɗin mutane. Babban yagewar fata a baya, wanda kare ko faratan shaho kan yi, yana da ban tsoro, har tsoka kana gani, amma yakan warke in an tsabtace shi. Fatar kaza tana da saurin haɗewa ƙwarai. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne ɗan hujin da ba ya ko zubar da jini, wanda haƙorin muzuru ko kyanwa ke bari. A bakin kyanwa akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Pasteurella multocida, ita ce dai ke haddasa kwalarar kaji. Haƙorin yana tura ta can ciki, fata ta rufe a kai, kaza ta yini kamar ta warware, bayan kwana biyu ko uku a wayi gari ta mutu. Cizon muzuru yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ranar farko, wanki kaɗai ba ya isa.

Wankin kansa ba ya cin kuɗi. A tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, wato wajen giram 9, a bari ya huce ya zama ɗumi. A datse gashin da ke kewaye da raunin da almakashi, kada a fige, don figa tana ƙara yaga fatar. A kwarara ruwan gishirin har ƙasa da dattin su fita. A shafa aidin da aka sirka da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri. In akwai zuma mai kyau, shafa ta siriri a kan buɗaɗɗen rauni yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa kuma yana hana wurin bushewa ya tsage, sai dai a ɗora kwalin inda tururuwa ba za ta hau ba. A maimaita safe da yamma a kwanakin farko.

Ina roƙon masu karatu su bar baƙin mai, da kananzir, da ruwan batir, da barkono. Na san ana sa su da kyakkyawar niyya, don a kori ƙuda ko a ƙone ciwo. Amma naman da zai haɗe ya rufe raunin shi suke kashewa, ga azaba, ga guba da ke shiga jikin abin da wata rana za a ci ƙwansa. Maganin ƙuda shi ne rufi. A yafa tsohon gidan sauro a kan kwalin. Da zafi ko da damina ƙwan ƙuda yana zama tsutsa cikin yini guda, kuma tsutsa a ƙarƙashin fiffike tana iya cinye kaza da ranta. Wanda ya ga tsutsa ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya sake dubawa da yamma.

Akwai abu biyu da ke sa a karaya a yanka kaza tana kan hanyar warkewa. Bayan kwana biyu ko uku fatar da ke kewaye da raunin takan koma kore, sai a ce ta ruɓe. Ba ruɓa ba ce, haka kwanciyar jini ke nunawa a jikin tsuntsu. Hanci ne zai raba gardama: ruɓaɓɓen nama yana wari, yana baƙi, yana yauƙi. Na biyu, wani lokaci haƙori yana huda ɗaya daga cikin jakunkunan iska da ke jikin tsuntsu, iska ta taru a ƙarƙashin fata, kaza ta kumbura gefe ɗaya. In ba ya hana ta numfashi yakan sace da kansa cikin 'yan kwanaki. In tana wahalar numfashi, aikin malamin dabbobi ne.

Abinci kuwa, a fara da mai laushi: dusa jiƙaƙƙiya, dafaffen ƙwai da aka murmushe, gara in an samu, daga baya tsakin gero ko dawa. Ranar da ta fara tsattsaga da kanta tana gyaran gashi, an haye. Za ta daina ƙwai na wasu makonni, wannan ba alamar ta lalace ba ce. Kuma lallai a ware ta daga 'yan'uwanta har raunin ya rufe, domin kaji in sun ga ja tsattsaga suke yi, suna iya ƙarasa abin da muzuru ya fara. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu kowane lokaci, musamman in kare ne ya yi cizon, kuma kada kwalin ya kwana a ɗakin da yara ke barci.

Inda abin ke yi mini ciwo shi ne maganar magani. Na ce cizon muzuru yana bukatar magani, to daga hannun wa? Abin da aka saba shi ne a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya na mutane, a fasa a ruwa, a ba kaza yini ɗaya a daina. Ba a san awo ba, ba a cika kwanaki ba, ba a kuma san cewa maganin yana zama a ƙwai da nama na wasu kwanaki bayan an daina bayarwa ba, wanda a cikinsu bai kamata a ci ba. Da irin wannan ne ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani, har ranar da ɗan mutum zai kwanta a ba shi ya ƙi ji. Ban ɗora wa matar ƙauye laifi ba, don ba ta da wanda za ta tambaya. Muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom ta Jihar Filato, wadda ta samo asali tun 1924, tana yin rigakafin cutar Niyukasul mai share kaji da hunturu. Muna da cibiyar binciken kiwo a Shika, da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta. Amma da an ce kiwo, hankalin hukuma shanu yake tafiya, sai manyan gidajen gona. Abin da mai kaza biyar take bukata kaɗan ne: malamin dabbobi da zai zauna ranar kasuwa a duba masa kaza a hannu ba tare da an ji kunya ba, da shirin rediyo na minti goma da Hausa kan wanke rauni da awon magani. Jihohin Arewa suna da gidajen rediyon, suna da ma'aikatan. A sa su.

Ba kowace kaza ce za a yi jinya ba, kuma ba na son a fahimce ni a haka. In hanji ya fito, in baya ya karye ƙafafu sun daina motsi, in kai ya fashe, in ta kwana biyu ba ta ko haɗiyar ruwa tana ƙara lafewa, tsawaita ranta azabtarwa ce. A yanka ta da wuƙa mai kaifi a hutar da ita, ko da naman ba zai ciwu ba. Wadda maciji ya sara, ko wadda aka riga aka fara ba magani, kada a ci. Tausayin da ya sa aka ɗauke ta aka sa a kwali shi ne zai sa a san lokacin dainawa.

Wadda ta warke kuwa, kada a sake ta cikin sauran kai tsaye da rana, za su karɓe ta da faɗa kamar ba su taɓa saninta ba. A kifa mata kwando a tsakar gida kwana biyu suna ganin juna, sannan a sa ta akurki da dare. Kafin ranar a gyara akurkin, domin muzurun da ya ɗanɗana sau ɗaya zai dawo, haka tunku da gafiya. A bi gindin bango a toshe ramuka da duwatsu da laka, a sa ƙofa mai sakata maimakon faifai ko guntun kwano da aka jingina, a rufe tagar iska da ragar waya mai ƙananan ido. Uwa mai 'yan tsaki a tsare ta ƙarƙashin babban kwando ko rumfa a makonnin farko, a riƙa kai mata tsaba da ruwa, har 'ya'yan su yi gashin da za su iya gudu su ɓuya in inuwar shirwa ta gifta.