Ɗaurin da Ke Kashe Hannu: A Sa wa Sana'ar Ɗori Ƙa'ida

Duk likitan ƙashi da ya yi aiki a Arewa ya san irin wannan majinyaci. Yaro ne ɗan shekara shida ko bakwai, ya faɗo daga kan mangwaro ko katanga, ya dafe ƙasa da tafin hannu, ƙashin damtse ya karye dab da gwiwar hannu. An kai shi wurin mai ɗori, an ja, an murza, an jera kara, an naɗe da tsumma an ɗaure tam. Daren farko bai runtsa ba saboda azaba, aka ce ya daure, ɗori ne yake kamawa. Bayan mako guda sai a shigo da shi asibiti yatsu sun yi baƙi, hannu yana wari, likita ba shi da abin yi illa ya yanke don ya ceci ran yaron. Abin takaici shi ne, wannan karaya tana cikin waɗanda ake gyarawa yaro ya koma makaranta da hannunsa lafiya lau. Ra'ayina shi ne yawancin irin wannan asara ana iya kauce mata, kuma hanyar ita ce a koya wa masu ɗori da iyaye yadda jini ke gudana a cikin gaɓa, a kuma shata wa sana'ar iyakar da ba za ta ƙetare ba.

Mu fara da ƙashin kansa. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma kowanne abu ne mai rai, da jijiyoyin jininsa da ɓargonsa da ƙwayoyin halitta masu gini da masu rushewa da ke aiki a cikinsa dare da rana. Idan ya karye, jini yakan taru ya daskare a tsakanin bakin karayar biyu. Cikin mako biyu zuwa uku wannan gudan jini yakan rikiɗe ya zama wani abu mai taushi irin guringuntsi da ke riƙe ɓangarorin, sannan sinadarin kalsiyam ya riƙa sauka a kansa har ya yi tauri, abin da kan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu a yawancin manyan mutane, ƙasa da haka a yara. Daga nan jiki ya ci gaba da sassaƙe ƙullin da ya fito na tsawon watanni ko shekaru. Allah ya halicci ƙashi da ikon haɗe kansa. Aikin likita da aikin mai ɗori duka bai wuce abu biyu ba: a daidaita ɓangarorin, a hana su motsi har jiki ya gama aikinsa. Wannan ne ya sa masu ɗori suke da nasarori na gaskiya waɗanda ba mai iya musunsu. Tsagewar ƙashi, ko karayar da ba ta goce ba kuma ba ta huda fata ba, takan warke a hannun duk wanda ya iya tallafe ta da hankali.

Haɗarin yana cikin naman da ke kewaye da ƙashin. Jikin mutum yana da tsoka fiye da 600, kuma tsokokin hannu da na ƙafa suna ƙunshe rukuni-rukuni a cikin wani farin tantani mai tauri, wanda mahauta suka sani sarai, wanda ba ya miƙewa. A ƙwauri kaɗai akwai irin waɗannan ɗakuna huɗu, kuma ta cikinsu ne jijiyoyin jini da jijiyoyin da ke kai ji da motsi suke ratsawa zuwa tafin ƙafa. Bayan karaya wurin yakan kumbura, kumburin kuma yana ci gaba da ƙaruwa a kwana biyu ko ukun farko. Idan aka ɗaure gaɓar tam a ranar farko, naman da ke kumbura ba shi da inda zai faɗaɗa, sai matsin ya koma ciki ya danne ƙananan jijiyoyin jini, kamar wanda ya taka tiyon ban-ruwa ya tsaya a kai yana jiran shuka ta yi kore. Tsokar da ta rasa jini takan fara mutuwa cikin kimanin awa shida, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. In abin ya tsaya a tsakiya, tsokar takan ƙanƙance ta zama tabo, yatsu su lanƙwashe su sandare har iya rayuwa. In ya wuce nan, gaɓar ta ruɓe, gubar mataccen nama ta shiga jini ta taɓa ƙoda. Jiki kuwa yana yin kururuwa tun da wuri. Ciwo ne da ke ƙaruwa maimakon ya lafa, wanda maganin ciwo ba ya kwantar da shi, wanda ke tsananta idan aka miƙe yatsun majinyacin. Sai yatsu su kumbura, su yi sanyi, su dushe ko su daina ji. Bugun jini a wuyan hannu yana iya ci gaba har lokacin da ɓarna ta yi nisa, don haka jin sa ba hujja ba ce ta cewa komai lafiya. Wannan ciwon ne mutanenmu suke ɗauka alamar ɗori ya kama, kuma ina ganin babu wata fahimta da ta jawo mana asarar hannaye da ƙafafu kamarta.

Kada wani ya zaci wannan kuskure na Bahaushe ne shi kaɗai. Wani likitan tiyata Bajamushe, Richard von Volkmann, shi ne ya bayyana wannan sandarewar hannu a 1881, kuma ya ɗora laifin a kan bandejin da aka matse fiye da kima, wanda likitocin Turai na zamaninsa suke ɗaurawa. Har yau simintin asibiti yana iya yin irin wannan ɓarna idan aka sa shi ba bisa ƙa'ida ba. Bambancin shi ne asibiti ya koyi darasi ya mai da shi doka: a shimfiɗa auduga kafin siminti, a bar yatsu a waje don a riƙa duba su, a sa rabin siminti ko a tsaga shi idan ana tsoron kumburi, a ɗaga gaɓar, a gaya wa majinyaci ya dawo ko da tsakar dare ne in ciwo ya ƙaru. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar digiri. Mai ɗorin da ke ƙauye zai iya koyon su a yini ɗaya.

Akwai kuma karayar da hannu, komai gwanintarsa, ba zai iya gane ta ba. Tun 1895 da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, babu dalilin da zai sa a riƙa lalube a cikin duhu. A gaban gwiwar hannu babbar jijiyar jinin hannu take wucewa, kuma bakin ƙashin da ya karye yana iya danne ta ko ya yage ta, ja da murza kuwa sai su ƙara ta'azzara lamarin. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yara akwai wani faifan guringuntsi wanda daga nan ƙashi ke tsawo. In ya lalace, gaɓar ta girma a karkace ko ta gajarce, kuma ba za a gani ba sai bayan shekaru. Karayar da ta shiga cikin mahaɗar gaɓa tana buƙatar a mayar da fuskar ƙashi daidai wa daida, domin guringuntsin da ke wurin ba shi da jijiyoyin jini kuma ba ya gyara kansa yadda ƙashi ke yi. Gwiwar hannu ko kafaɗar da ta goce ana mayar da ita cikin mintuna a ranar farko, amma bayan wata biyu sai da tiyata, kuma da wuya ta koma yadda take. Ƙashin cinya idan ya karye mutum yana iya zubar da jini lita ɗaya ko fiye a cikin cinyar ba tare da ɗigo ya fito waje ba, alhali duk jinin baligi kimanin lita biyar ne kawai, sannan ƙarfin tsokokin cinya yakan ja ɓangarorin su hau kan juna, ƙafa ta gajarce. Karayar wuyan ƙashin ƙugu, wadda ta fi samun tsofaffi, takan yanke jinin da ke ciyar da kan ƙashin. Karayar da ta huda fata ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, har da mai sarƙe haƙora, kuma shafa mata man shanu ko garin magani ƙarin datti ne a cikin rauni. Ƙashin baya da na wuya kuwa, motsi ɗaya na kuskure ya isa ya taɓa laka mutum ya shanye.

Za a ce ai mutane suna gudun asibiti ne saboda asibiti yankewa yake yi. Wannan tsoro na gaske ne, kuma ba a raina shi, amma a duba yadda yake samun gindin zama. Wanda ya je asibiti da sabuwar karaya yakan dawo da gaɓarsa, ba a kuma yi labarinsa. Wanda ya je bayan gaɓar ta riga ta mutu a cikin kara shi ne yake dawowa da dungu, shi kowa yake gani a unguwa, sai a ce asibiti ne ya yanke. Haka tsoron yake ciyar da kansa: yana jinkirta zuwa, jinkirin yana jawo yanka, yankan yana ƙara tsoro. Likitocin ƙashi na Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan ruɓewar gaɓa da ke biyo bayan ɗori, kuma abin da ke maimaituwa a rahotanninsu shi ne yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma da yawa karayar farko ba mai tsanani ba ce.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi da nisa, kuma a nan dole a faɗa wa hukuma gaskiya. Mai ɗori yana kusa, yana magana da harshen majinyaci, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, wani lokaci ma sai bayan an warke. Asibiti kuwa akwai kuɗin kati, kuɗin hoto, kuɗin siminti, in za a sa ƙarfe a tiyata kuma magana ta kai abin da talaka ba ya iya tarawa a shekara. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, yana ɗauke da nauyin jihohi da dama har da masu zuwa daga Nijar, ga kuma haɗurran babura da na manyan hanyoyi da ba sa ƙarewa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowace cibiyar lafiya ƙin duba majinyacin gaggawa, amma iyalai da yawa sun san abin da ake fara tambayarsu a bakin ƙofa. Wanda ya ce wa manomi ya daina zuwa wurin mai ɗori, bai samar masa da injin hoto mai aiki a babban asibitin ƙaramar hukumarsa ba, bai ba shi mafita ba. Sai dai wannan hujja ba ta wanke ɗaurin da ya matse ba. Sassauta tsumma ba ya cin ko kwabo, kuma kuɗin hoto guda ɗaya bai kama ƙafar kuɗin yanka da jinya da ƙafar roba da rasa sana'a ba.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai likitocin da ke ganin horar da masu ɗori tamkar ba su lasisi ne, gara a haramta sana'ar baki ɗaya. Na fahimci fushinsu, domin su suke riƙe wuƙar a ƙarshe. Amma haramci ba zai rage yawan masu karaya ba, ba zai kuma ƙara yawan likitoci ba; abin da zai yi shi ne ya tura ɗori cikin ɗaka, mai ɗori ya riƙa ɓoye majinyacin da ya lalace har sai ya makara. An gwada ɗaya hanyar kuma an ga amfaninta. A yankin Arba Minch na kudancin Habasha an tara masu ɗori an yi musu gajeren horo a kan haɗarin matse ɗauri, kuma rahoton da aka buga a 2005 ya nuna yankan gaɓoɓi saboda ruɓewa ya ragu ƙwarai a asibitin yankin bayan horon. Babu abin da zai hana a yi haka a Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi.

Wasu masu sana'ar za su ce ɗori gado ne da baiwa, ba a koya wa ɗan gado aikin gidansu. Gadon yana da daraja, kuma akwai gidajen ɗori da suka yi wa al'umma hidima tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Hausa. Amma addu'a da tofi ba su saɓa wa duba yatsu ba, kuma mai ɗori na ƙwarai, wanda ya san nauyin amanar da aka ba shi, ba zai ji kunyar cewa wannan karaya ta fi ƙarfinsa ba. Waɗanda suka fi ɓata sunan sana'ar su ne 'yan shigege da ba su gada ba, ba su koya ba, suka kafa allo a bakin titi. Rajista da horo za su amfani 'yan gado kafin kowa.

Don haka ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi su haɗa kai da masarautu da sarakunan ɗori a yi wa masu sana'ar rajista, a horar da su, a kuma rubuta jerin raunukan da ba a yarda kowa ya riƙe a gida ba: karayar da ta huda fata, ta cinya da ƙugu, ta baya da wuya, ta kusa da mahaɗar gaɓa, da duk karayar gwiwar hannu a yaro. Mai ɗorin da ya tura majinyaci asibiti a karɓe shi da mutunci, wanda ya riƙe irin waɗannan har gaɓa ta mutu kuma ya fuskanci hukunci. Gwamnoni su sa hoton ƙashi da simintin farko na yara su zama kyauta. Ku kuma iyaye, in an ɗaure wa ɗanku hannu ko ƙafa, a gida ne ko a asibiti, ku bar yatsunsa a buɗe ku riƙa dubawa. In ciwo yana ƙaruwa, ko yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, ko ya ce ba ya jin su, ku sassauta ɗaurin nan take ku kai shi asibiti a wannan daren, kada ku jira gari ya waye.