Sarautar Wakanda ba ta ƙuri'a ba ce

Tun da Denzel Washington ya faɗa a watan Nuwamba na 2024 cewa darakta Ryan Coogler na tanadar masa rawar da zai taka a kashi na uku na Black Panther, tsohuwar gardama ta sake tashi: wa zai gaji marigayi Chadwick Boseman a rawar T'Challa, sarkin Wakanda? Kowa da ɗan takararsa. Wannan ya ce John David Washington, ɗan Denzel ɗin. Wancan ya ce Aldis Hodge. Wasu sun kafe sai Damson Idris, ɗan Ingila mai tushe a Najeriya. A ɗauki hoton jarumi, a liƙa masa baƙar rigar nan da kwamfuta, a watsa a Instagram, kafin gari ya waye an naɗa shi sarki.

Ina tare da masu cewa a sake ba wani rawar T'Challa. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro shi a 1966, shekara goma kafin a haifi Boseman, don haka bai kamata a binne shi tare da wanda ya aro rigarsa ba. Mutum uku suka yi Spider-Man a manyan finafinai cikin shekara ashirin, ba wanda ya ce an ci amana. Da William Hurt ya rasu a 2022, Marvel ba ta yi wata-wata ba ta miƙa wa Harrison Ford rawar da yake takawa a finafinanta. To me ya sa sai a kan sarkin Wakanda ne Kevin Feige, shugaban Marvel Studios, ya ce a Disamban 2020 ba za a maye gurbi ba? An ce girmamawa ce ga mamaci. Na yarda da niyyar, amma hukuncin bai gamsar da ni ba. Su kansu sun bar ƙofa a buɗe, don a ƙarshen Wakanda Forever na 2022 sun nuna ɗan da T'Challa ya bari a Haiti, mai sunan ubansa.

Inda na rabu da masoyan shi ne yadda suke zaɓen. Fuska suke dubawa, da faɗin ƙirji, da wanda tauraronsa ke haskawa a wannan shekarar. Boseman kuwa ba ta nan ya biyo ba. Ba da umarni ya karanta a Jami'ar Howard, ya gama a 2000, ya daɗe yana wasan dandamali da ƙananan fitowa a talabijin. Sai da ya haura shekara 35 kafin ya samu fim ɗin 42, inda ya fito a matsayin Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a babbar gasar ƙwallon baseball ta Amurka. A 2014 ya zama mawaƙi James Brown, har da rawa da girgiza. A 2017 ya zama lauya Thurgood Marshall. Wanda ya saba ɗaukar nauyin irin waɗannan mutane, shi ya san yadda sarki ke yin shiru kafin ya yi magana. Shi ne kuma ya dage T'Challa ya yi magana da harshen ɗan Afirka, ba da karin Turancin Landan ba. Black Panther ya tara sama da dala biliyan 1.3 a 2018 (masu kallo a Arewa za su tuna farkonsa, inda ya dira kan ayarin masu satar mata a dajin Sambisa), alhali jarumin na fama da kansar hanji tun 2016 bai gaya wa duniya ba. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 2020, yana da shekara 43. Wane hoton kwamfuta ne zai auna wannan?

An ma gwada biye wa masoya, an ga inda aka kwana. Shekaru suka yi suna roƙon a ba John Krasinski matsayin Reed Richards na Fantastic Four. A 2022 Marvel ta saka shi a fim ɗin Doctor Strange na biyu, 'yan kallo suka yi shewa, bayan 'yan mintoci wata matsafiya mai suna Wanda ta tsinka shi zare-zare kamar taliya. Da aka tashi yin fim ɗin na gaskiya a 2025, Pedro Pascal aka ɗauka. A 1988 kuwa dubban wasiƙun ƙorafi aka aika wa Warner Bros. don an ba Michael Keaton, wanda aka sani da barkwanci, rawar Batman. Jikokin masu ƙorafin ne suka yi ta tafi da ya dawo cikin rigar a 2023.

Masoya su ci gaba da haɗa hotunansu, nishaɗi ne, ba laifi. Amma Coogler ya kira jarumai gwaji, har da waɗanda ba mu taɓa jin sunansu ba, ya rufe ƙofa ya zaɓa da idonsa. A dawo mana da T'Challa, kuma kada yawan mabiya a intanet ya shiga lissafin.