Yini Guda a Sakkwato

Ya ku iyaye na Fakku, in an gama kaka, bari mu kai yaranmu Sakkwato. Mu yi sammako, mu bi ta Tambuwal. Mu shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu, mu ga fadar Sarkin Musulmi, sa'an nan mu tsaya a Giginya. A nan Turawa suka ci rundunar Sarkin Musulmi Attahiru da bindiga mai ruwa, ran 15 ga Maris 1903. Filin wasa na birnin yana ɗauke da sunan don tunawa. Yara za su tambaya wa ya yi nasara. Mu gaya musu, mu kuma ba su labarin gwauraye da marayun da aka bari. Mu yi addu'ar salama a wurin, gama har yanzu ƙarar bindiga ba ta bar ƙauyukanmu ba.