Kalmar "Roundabout" Da Masu Kewaye-kewaye

Kwanakin baya muna gwajin koyarwa a wata firamare ta cikin Sabo, sai wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya ci karo da wannan jimla a littafin karatu: "He answered in a roundabout way." Ya dubi yara ya ce, watau mutumin ya ba da amsa yana tsaye a bakin randabawul. Yara kuwa suka duƙa suka rubuta.

Ban ga laifinsa ƙwarai ba. Mu da muka ari kalmar nan, ma'ana ɗaya tak muka ɗauko, ta shataletalen da motoci ke kewayawa a mahaɗar hanya. Alhali ita ce auta a cikin ma'anoninta. Tun ba a san mota ba Turawa na faɗin roundabout ga hanyar da ta yi zagaye, da kuma maganar da mai ita ya ƙi fitowa fili. A Ingila har lilon nan mai dawakan katako da ke juyawa da yara a wurin wasa, sunansa ke nan. Sai wajen 1920 da 'yan kai aka laƙaba wa mahaɗar hanya, ko da ya ke tun 1909 an gina irinta a garin Letchworth.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gyaran da aka yi masa. Malamin da ke duba mu ya faɗa wa yara ma'anar daidai, sa'an nan ya ƙara da cewa kewaye-kewaye halin maƙaryata ne, mai gaskiya kai tsaye ya ke magana. A nan ne na ƙi.

Jama'a, ku duba gidajen da yaran nan suka fito. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. In za a kai wa mutum labarin rasuwar mahaifinsa, a kan fara da cewa jikin ya yi tsanani, ya zo gida. Masu neman aure su kan ce sun zo neman iri. Kai, ko wanda zai shiga bayan gida cewa ya ke zai kewaya. Duk waɗannan maƙaryata ne? Yaron da aka gaya wa haka, da wane ido zai dubi kakarsa da yamma?

Ita ma shataletalen ai ba don ɓata wa direba lokaci aka yi ta ba. Motoci huɗu in kowace ta miƙe, a tsakiya za su haɗu. Kewayen ne ke sa kowa ya rage gudu, ya wuce ba a yi karo ba. Amma tana da doka. A 1966 Ingila ta kafa cewa mai shigowa shi ke dakatawa wa wanda ke ciki, don kafin haka ta kan cushe har kowa ya tsaya cik. Mu nan kuma, da aka koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, sai da kowane direba ya koyi kewayawa ta ɗaya gefen. Wanda kuwa ya shiga ya yi ta zagaye bai fita ba, ba shi da inda za shi.

Irin wannan na ƙarshe shi ne abin da ya kamata mu hana. Na sha ganin takardar jarrabawa wadda aka tambayi yaro abu guda, ya cika shafi da share fage, lokaci ya ƙare bai taɓa amsar ba. Wannan a ja masa jan biro, ba tausayi. Haka wasiƙar neman aiki, haka bayani gaban likita.

Ina roƙon malamanmu na Turanci, in kalmar ta sake fitowa, a sa yara su rubuta saƙo ɗaya sau biyu: yadda za su gaya wa tsohuwa cewa akuyarta ta ɓata, da yadda za su rubuta shi ga ɗan sanda. Na gwada da ajina ran Alhamis, na tsohuwar ya fi tsawo ninki uku.