Iskar da Muke Shaƙa a Shagunanmu



Mu lissafa awannin da muke yi cikin shaguna a mako guda: shagon cajin waya, shagon aski, wurin tela, wurin fotokofi da rijistar JAMB, ga kuma gidan kallon ƙwallo. Daga shagunan da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, zuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, har cikin garin Zurmi, yawancin irin waɗannan wurare da janareto suke aiki saboda ƙarancin wutar lantarki. Sau da yawa kuma mai shago yakan ajiye injin a bakin ƙofa ko a lungun ciki don gudun ɓarayi.

A cikin hayaƙin janareto akwai wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin fetur da muke ji daban ne, ita kanta hanci ba ya gane ta. Idan ta shiga huhu, sai ta manne wa jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Daga nan ƙwaƙwalwa da zuciya sai su fara rasa iskar da suke buƙata.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci. Mutum zai iya zaton zazzaɓin cizon sauro ne ya tafi kemis sayen magani. Amma wannan guba ba ta sa jiki zafi, kuma mutum yakan ji sauƙi da zarar ya fita waje. In kun ga mutum biyu ko uku a shago ɗaya suna kukan ciwon kai lokaci guda, ku tuhumi iskar wurin. Wanda ya kwana a shago ya bar inji yana aiki, ko ya rufe ƙofa da kaskon gawayi a lokacin hunturu, yana iya wucewa cikin barci ba tare da ya farka ba.

Cunkoso ma yana da nasa haɗarin. Annobar sanƙarau da ta ɓulla a Zamfara a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa jihohi da dama, aka samu fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Cutar tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman inda jama'a suka cushe babu tagar kirki, kamar gidan kallon da aka toshe ko'ina don kada haske ya taɓa talabijin.

To, me za mu yi? A ajiye janareto a waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6, bakin salansa yana kallon wani gefen. In tsoron sata ne, a ɗaure shi da sarƙa ko a yi masa kejin ƙarfe. A bar taga biyu masu fuskantar juna a buɗe don iska ta riƙa ratsawa. In wani ya yanke jiki ya faɗi, a fito da shi waje nan take, a kashe injin, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Da yawa daga cikinmu muna taya iyaye da yayye tsaron shago bayan an tashi makaranta. Mu kai musu wannan bayani cikin ladabi: "Baba, da an matsar da injin nan waje, hayaƙinsa na cutar da mu." Malaman kimiyya ma za su iya ƙara mana haske in mun tambaye su a aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.