Kafin rigar ruwa, wa ke duba ƙafar injin?

Jama'a, yau ba siyasa na kawo ba, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. Ranar Talata wani bawan Allah mai jigilar mutane a kwale-kwale ya ɗauko injin jirginsa a bayan a-kori-kura tun daga wajen Tiga, ya sauke mini a ƙofar garejinmu nan Koki. Wai injin yana kuka idan ya sa giya. Na kwance kusar ƙasa ta ƙafar injin, inda man giya ke fita. Wallahi abin da ya zubo ba mai ba ne, fari ne kamar kunun gyaɗa, ga ƴan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli a ciki.

Na ce masa, "Malam, da wannan kake ɗaukar mutane?" Ya ce, "Oga, ai yana tafiya. A zuba sabon mai a lallaɓa dai, gobe kasuwa ce." Wannan "a lallaɓa" ɗin ita ce ta sa na zauna rubutu.

Nasan wani zai ce ɗan Koki ina ruwansa da jirgin ruwa, mu da ko kududdufanmu an cike an yi shaguna. To a Kanon nan muna da Tiga, muna da Challawa a Ƙaraye, muna da Watari a Bagwai. Kuma ba mu manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da jirgi ya kife da mutanen Badau a dam ɗin Watari, yawancinsu yara ƴan Islamiyya masu tafiya Maulidi. Lodi ya wuce kima aka ce a lokacin, ban ce inji ba ne. Amma ku lura da abin da ke biyo bayan kowane hatsari, a Bagwai ne ko a Warra ta Kebbi: ta'aziyya, kwamiti, rabon rigar ruwa gaban kyamara, gargaɗi kan lodi da tafiyar dare. Duk daidai ne. Sai dai ban taɓa jin an tambayi wa ke duba injin da ke tura jirgin ba.

Bari in yi muku bayani yadda wanda bai taɓa riƙe safana ba zai gane. Jiragen masu kuɗi na Turai da Legas, injin yana cikin jirgi, ƙafar ce kawai ke leƙowa ta baya, irin su MerCruiser. Namu na nan yawanci injin ratayawa ne, su Yamaha Enduro. Amma ƙasan duk abu ɗaya ne: akwatin giya yana nitse cikin ruwa, cike da mai, sandar farfela ta fito daga cikinsa tana juyawa. Abin da ya raba man nan da ruwan dam shi ne ƴar zoben roba da muke kira oyil sil, wadda ba ta kai murfin kwalbar Bama ba. Guda biyu ake sawa baya da baya, ɗaya ta hana mai fita, ɗaya ta hana ruwa shiga. Akwai wasu a sama, ƙarƙashin famfon ruwa.

Me ke kashe ta? A wajenmu, zaren koma da na fatsa. Zaren ya naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, yana juyawa yana yanka leɓen robar a hankali. Yashi ma na ci. Da ta yanke, ruwa ya shiga, mai ya tsinke, boris ya yi tsatsa, haƙoran giya su fara cin juna. Wata rana inji na ta ruri a sama, farfela ta tsaya cak a ƙasa. A mota sai ka gangara gefen titi ka kira bakanike. A tsakiyar Tiga da iskar damina fa? Jirgin da ba ya tafiya ba ya jin juyi, zai ba igiyar ruwa gefensa, ga mata da goyo sun firgita sun koma ɓangare ɗaya. Ina gefen titi a nan?

Gyaran kuma ba wani sihiri ba ne. A tsiyaye man, a cire farfela, a zaro gidan boris, a fitar da tsofaffin sil ba tare da an karce mazauninsu ba. A shafa sandar da farce, in ta yi kwari to sabuwar sil ma ba za ta riƙe ba. A sa sababbi da giris, a canza zoben robar gidan. Sannan a hura iska kaɗan a ciki a ga ko tana riƙewa, kafin a zuba mai. Man kuma daga ramin ƙasa ake tura shi har ya fito ta na sama, a ɗaure da sababbin washa. Wanda ya zuba ta sama ya bar iska a ciki, rabin akwatin fanko ne. Aikin wuni guda bai kai ba.

Nan kuma zan juyo kanmu makanikai, don kar a ce na wanke kaina. Da yawanmu kusa da guduma muke sa wa sil, mu lanƙwasa ta tun kafin ta fara aiki. Wani ya ɗauko ta babur ko ta janareto don girman ya zo ɗaya, alhali ƴar wayar da ke matse leɓenta ba mai jure ruwa ba ce, wata biyu ta ruɓe. Wani baƙin man mota yake ɗurawa a madadin man giya mai lamba 90. Ni kaina an taɓa sayar mini da jabu a cikin leda mai tambarin kamfani, sati uku aikin ya dawo mini, kunya kamar in nitse.

Na san uzurin mai jirgi. Tun da aka cire tallafi a 2023, kuɗin fetur ke cinye cinikin yini. Ban ƙaryata ba. Amma kuɗin sil biyu da man giya bai kama ƙafar kuɗin sabuwar ƙafar inji ba, balle ran mutum talatin. Masu cewa ƙaddara ce kuma, na yi imani da ƙaddara kamar ku, amma ai ba ku hawa motar da kuka san birkinta ya shanye.

Abin da nake nema ƙarami ne. Hukumar NIWA da ƙananan hukumomi da sarakunan ruwa, duk mai karɓar kuɗin shiga a bakin ruwa ya riƙe sukundireba. Sau ɗaya a wata a sassauta kusar ƙasa, a ɗiga man a farar takarda. In ya fito fari, jirgin nan ba ya tashi da fasinja. Minti biyar ne, ba kwangila, ba taron bita a otal. Wataƙila ma shi ya sa ba wanda ya kawo shawarar.

Mutumin Tiga dai na ƙi zuba masa mai. Ya yi fushi, ya ce zai kai wani wajen, har ya kira mai a-kori-kura. Da la'asar ya dawo, ya ce in yi aikin, zai biya rabi, rabi bayan kasuwa. Da na zaro gidan boris, zaren koman da na warware daga sandar ya kai kamu huɗu. Na sa masa a leda na ce ya kai wa ƴan uwansa na bakin ruwa su gani.