Wasan bidiyo ya yi araha? A aljihun wa?

Duk sanda kamfanonin wasannin bidiyo suka ƙara kuɗi, sai masu kare su su fito da lissafi guda: wai wasa bai taɓa araha kamar yanzu ba. Hujjarsu ita ce, a 1996 ana sayar da wasan Nintendo 64 dala 60, kuɗin da ƙimarsa ta kai kusan dala 120 a yau. Saboda haka, in ji su, dala 70 da aka fara karɓa a 2020, ko dala 80 da Nintendo ya yanka wa Mario Kart World a 2025, ragi ne ma aka yi mana.

Wa aka yi wa ragin? An auna wannan lissafi ne da mudun Amurka, sannan aka ce duniya duka ta karɓa.

Mu gwada shi da namu mudun. A 2019 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 30,000 ne, dala kuma tana wajen naira 360. Ke nan ma'aikaci na ɗaukar fiye da dala 80 a wata, yana iya sayen wasan dala 60 har a ba shi canji. A 2024 albashin ya koma naira 70,000, amma dala ta haura naira 1,500. Albashin wata guda bai cika dala 50 ba. Wasan dala 70 ya zarce naira 100,000. Ba'amurken da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, dala 7.25 a sa'a, aikin sa'a goma ya ishe shi ya saya; namu sai ya yi kusan wata ɗaya da rabi, bai ci ba, bai biya haya ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Nuwamba na 2023, kasuwar wasanni ta Steam ta daina sayarwa da kuɗin Turkiyya da na Ajantina, ta koma dala, saboda faɗuwar darajar kuɗaɗensu. Da yawa daga cikin wasannin suka yi tashin gwauron zabo a can cikin dare ɗaya.

Hatta awo da mafi ƙarancin albashin ma yana ɓoye rabin gaskiya. A Amurka 'yan ƙalilan ne ke karɓar wannan 7.25, yawanci sun wuce nan. A wurinmu kuwa, ɗan tireda da mai faci da yaron shago ba su ma cikin tsarin albashin. Bayan kuɗin wasan, ga kuɗin na'ura, ga data, ga man janareta.

Mai son ganin farashin gaske ya leƙa gidan gem a kowace unguwa. Matasa ne cike da benci, talabijin biyu ko uku, kowa ya damƙe canjinsa yana jiran layi ya buga ƙwallon minti goma. Da wasan ya yi araha, da kowannensu yana ɗakinsu da tasa na'urar.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Duk wanda ya ce maka wasa ya yi araha, tambaye shi: da wane kuɗi, a wace shekara, kuma kwana nawa leburan ƙasar zai yi yana gumi kafin ya saya?